Wa ke da shi, wa ke juya shi: yadda ake raba mallaka da muƙamai a ƙaramin kasuwanci

Idan mutum ya miƙo maka kati ka ga an buga “Darakta” a ƙarƙashin sunansa, katin bai gaya maka ko yana da ko da kashi ɗaya cikin ɗari na kasuwancin ba. Bai gaya maka ko sa hannunsa na iya fitar da kuɗi daga banki ba, bai kuma nuna maka wanda za a kama idan bashi ya taru ba. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da akantoci da aka ɗauka musamman don su san amsar waɗannan tambayoyi. A kasuwancin mutum uku ko bakwai kuwa, kowa yana riƙe da tasa amsar a zuci, ba a gane amsoshin sun sha bamban sai ranar da riba ta yi kauri ko asara ta faɗo.

Abu uku ake cakuɗawa: mallaka, iko, da aiki. Mallaka ita ce wa ke da kasuwancin, wa ke cin riba, wa ke ɗaukar asara. Iko shi ne wa ke yanke hukunci, wa ke iya ɗaure kasuwancin da alkawari. Aiki kuwa shi ne abin da mutum ke yi daga safe zuwa yamma. Kamar motar haya ce: mai ita daban, direba daban, mai faɗin hanyar da za a bi ma yana iya zama daban, ko da yake babu abin da ya hana mutum ɗaya ya haɗa duka ukun. Sunan muƙami yana zuwa ne bayan an warware waɗannan, shi ya sa na ajiye zancensa sai can gaba, duk da cewa da shi mutane suka fi ɗokin farawa.

Mataki na farko: ka san siffar kasuwancinka a idon doka

Ƙasashe sun bambanta a ƙananan sharuɗɗa, amma kusan ko'ina siffofi uku ne ke yawo, kowacce da sunayen da suka dace da ita.

Ta farko kasuwancin mutum ɗaya. Ko ka yi rajistar suna, ka kafa allo, ka sassaƙa hatimi, bashin kasuwancin bashinka ne, mai bin bashi yana iya kaiwa ga gidanka da motarka. A idon doka babu darakta a nan, domin babu kamfanin da za a yi wa darakta. Kai mai kasuwanci ne, duk wanda ke ƙarƙashinka kuma ma'aikaci ne, ko da ka kira shi manaja.

Ta biyu tarayya, wato mutum biyu ko fiye su haɗu su yi kasuwanci don neman riba. A dokokin ƙasashe da dama tarayya ba ta jiran takarda. Da zarar kun fara saye da sayarwa tare kuna raba riba, doka na iya ɗaukarku abokan tarayya ko ba ku taɓa furta kalmar ba. Dokar tarayya ta Birtaniya ta 1890, wadda ƙasashe da yawa suka ɗauki samfurinta, ta shimfiɗa abin da zai faru idan babu yarjejeniya: riba a raba ta daidai wa daida ko da wani ya fi zuba jari, babu wanda ke da haƙƙin albashi don ya yi aiki, kowane abokin tarayya yana iya ɗaure sauran da alkawarin da ya ɗauka da sunan kasuwancin, kuma mutuwar ɗaya tana rushe tarayyar. Bashi kuwa yana kan kowa, har cikin aljihunsa.

Wannan batu na bashi ne ya kori Ronald Wayne daga kamfanin kwamfuta na Apple. A watan Afrilun 1976 shi da Steve Jobs da Steve Wozniak suka kafa Apple a matsayin tarayya, su biyun kowa da kashi 45, shi da kashi 10. Jobs da Wozniak samari ne da ba su tara komai ba, Wayne kuwa ya manyanta, yana da abin da masu bashi za su iya kamawa. Ba a yi mako biyu ba ya janye, ya karɓi dala 800. Ana yawan ba da labarin don a yi masa dariya, amma ni ban ga aibin lissafinsa ba: a tarayya wanda ya fi dukiya shi ya fi shiga haɗari, ko da kasonsa ne mafi ƙanƙanta. Sai a farkon 1977 aka mayar da Apple kamfani mai rajista.

Siffa ta uku ke nan, kamfani wanda doka ke ɗauka tamkar wani mutum ne mai zaman kansa, yana mallaka, yana cin bashi, ana ƙararsa. Shari'ar da ta kafa wannan ƙa'ida ita ce ta Aron Salomon, mai sana'ar takalma a Landan, wanda ya mayar da kasuwancinsa kamfani, ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗaya-ɗaya, sauran duka ya riƙe. Da kamfanin ya durƙushe, aka nemi a ɗora masa bashin, aka ce ai kamfanin shi ne. A ƙarshen 1896 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani ta ce a'a, kamfani daban, mai shi daban. A irin wannan siffa ne kalmomin “mai hannun jari” da “darakta” suke da ma'ana ta doka. Masu hannun jari su ne masu kamfani, daraktoci su ne waɗanda aka damƙa wa tafiyar da shi. Sai dai kada wannan kariya ta ruɗe ka. Banki idan zai ba ƙaramin kamfani rance yakan nemi mai shi ya lamunce bashin da kansa, kuma da zarar ka sa hannu a wannan takarda, ka mayar da gidanka cikin lissafi.

Kafin ka wuce wannan mataki, ɗauko takardar rajistarka ka karanta abin da ke kanta. Idan babu rajista kuma ku biyu ne, ku ɗauka kuna cikin tarayya, ku nemi lauya ya gaya muku abin da dokar ƙasarku ta tanada.

Mataki na biyu: a rubuta mallaka da lambobi

“Namu ne tare” ba lissafi ba ne. A zauna a rubuta sunan kowa, abin da ya kawo, da kason da ya samu. Tun ran gini tun ran zane, domin wannan zance yana da sauƙi lokacin da babu abin rabawa, yana da ɗaci bayan kuɗi sun shigo.

A fara da tantance kowane kuɗi da ya shigo: jari ne, rance ne, ko kyauta? Yayanka da ya ba ka kuɗi ka sayi injin farko, mai yiwuwa shi a ransa ya sayi kaso, kai kuma a ranka aro ka karɓa. Mai rance ana biyansa kuɗinsa a rabu, ba shi da ƙuri'a, ba ya cin riba. Mai jari ba ya bin ka bashi, amma yana nan har ranar da aka saye kasonsa. Ka tambaye shi kai tsaye: “Yaya, wannan kuɗin aro ne zan mayar, ko kana son shiga ciki ne?” Duk amsar da ya bayar a rubuta, ku sa hannu.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne idan wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo ƙwarewa da gumi. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin mudaraba: mai jari ya kawo kuɗi, mai juyawa ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, ba a yanka wa kowa wani adadi tsayayye. Idan asara ta zo ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai jari ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. A musharaka kuwa, inda kowa ya zuba jari, asara tana bin girman jarin kowa. Ko da ba da waɗannan sunaye za ku yi yarjejeniyarku ba, tambayoyin da suka amsa su ne naku: riba nawa-nawa, asara a kan wa.

Matsalar kason gumi ita ce kuɗi yana shigowa rana ɗaya, aiki kuwa sai an daɗe ana yi. Idan ka ba abokinka kashi 40 yau saboda aikin da zai yi, ya yi wata biyar ya samu wani abu ya tafi, ya tafi da kashi 40 ɗin har abada, kai kuma ka ci gaba da yi masa noma. Maganin da sababbin kamfanonin fasaha suka saba amfani da shi shi ne kaso ya riƙa tabbata sannu a hankali, galibi cikin shekara huɗu, kuma babu abin da ke tabbata sai an cika shekara guda. Misali, kamfani yana da hannun jari 1,200, an ware wa mai aiki 480. Ranar da ya cika shekara guda, hannun jari 120 sun zama nasa, daga nan kowane wata a ƙara masa 10. Idan ya tafi a wata na 10 bai tafi da komai ba, idan ya tafi a wata na 18 yana da 180, sauran su koma wa kamfani. Wannan sharaɗi ya kamata ya hau kan duk wanda ya shigo da alkawarin aiki, har da kai.

Sai a duba inda lambobin suka tsaya, domin wasu iyakoki sun fi wasu nauyi. A dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006, da wasu da dama masu kama da ita, hukunci na yau da kullum, har da cire darakta, yana buƙatar ƙuri'a sama da kashi 50, manyan sauye-sauye kamar gyara kundin kamfani kuma suna buƙatar kashi 75. Ma'ana mai kashi 51 yana iya tsige darakta shi kaɗai, mai kashi 26 kuma ba ya iya zartar da komai amma yana iya hana babban sauyi. Ga abin da ke faruwa idan sabon mai jari ya shigo: kuna da hannun jari 1,000, kai 600, abokinka 400. Kuka ƙirƙiro sababbi 250 kuka sayar wa baƙo. Jimilla ta koma 1,250, kai kana da kashi 48, abokinka 32, baƙo 20. Ba ka sayar da ko ɗaya daga cikin naka ba, amma yanzu idan su biyun suka haɗa kai sun rinjaye ka. A yi wannan lissafi a takarda kafin a karɓi kuɗin.

Rabin-da-rabi kuma yana da daɗin faɗi, yana nuna amana, amma ranar da kuka saɓa babu mai rinjaye, komai sai ya tsaya cak. Idan kun nace a kansa, ku rubuta hanyar fita tun yanzu: ko wani mutum na uku da kuka yarda da shi ya raba gardama, ko a raba fagage a ce maganar ƙarshe a kan kuɗi ta wane ce, a kan kaya ta wane ce.

Mataki na uku: a lissafa ayyuka ba tare da suna ba

Ɗauki takarda ka jera duk abin da dole a yi a mako: sayen kaya, sarrafawa, sayarwa, karɓar kuɗi, rubuta lissafi, biyan albashi, haraji, amsa koken masu saye, kula da sito, talla. Gaban kowane aiki ka rubuta sunan mutum ɗaya tak, wanda za a tambaya idan ba a yi ba. Wasu na iya taya shi, amma sunan ɗaya ne. Za ka ga sunanka ya fito sau shida ko bakwai, wannan ba laifi ba ne a ƙaramin kasuwanci. Abin dubawa shi ne layin da babu suna, da layin da mutum biyu kowa ke cewa nasa ne.

Mataki na huɗu: a iyakance iko, a kuma sanar da na waje

Nan ne sunan muƙami ke daina zama ado. A dokokin ƙasashe da yawa, idan ka nuna wa duniya cewa wane yana da wani matsayi, wanda ya yi hulɗa da shi da zuciya ɗaya yana da damar ɗauka cewa yana da ikon da masu irin wannan matsayi suka saba riƙewa, ko da a cikin gida ka hana shi.

A ce kana da wurin ƙera kujeru da tebura. Akwai wani ma'aikaci mai ƙwazo da ke kula da sito, ba ka da halin ƙara masa albashi, sai ka faranta masa rai da sunan janar manaja. Da mai kawo katako ya zo, ka nuna shi ka ce ga manajanmu. Bayan wata biyu kana tafiya, ya karɓi katako mota guda bashi, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ka dawo ka ce ba ka sa shi ba. Mai katako zai ce: “Ranka ya daɗe, kai da bakinka ka ce mini shi ne manaja.” Idan aka je gaban alƙali, akwai yiwuwar maganarsa ce za ta tsaya, domin sayen katako yana cikin abin da manajan irin wannan wuri ya saba yi, kuma ba a taɓa gaya masa akwai iyaka ba.

Saboda haka a rubuta takarda guda ta iko, ko da shafi ɗaya ce. Wa ke sa hannu a banki, shi kaɗai ko sai da na biyu? Har zuwa nawa manaja zai iya kashewa ba tare da ya tambaya ba? Wa ke iya ba da kaya bashi, wa ke iya karɓowa? Wa ke ɗaukar ma'aikaci, wa ke sallama? Waɗanne abubuwa ne sai duk masu kasuwancin sun yarda, kamar cin rance, sayar da injin, kama hayar sabon wuri, ko shigo da sabon mai jari? Bayan an rubuta, a aika wa banki abin da ya shafe shi, a gaya wa manyan masu kawo kaya a rubuce cewa odar da ta wuce kaza sai da sa hannun wane.

Wata ƙa'ida da akantoci ke nanatawa: wanda ya yi odar kaya, da wanda ya karɓe su ya ƙirga, da wanda ya biya kuɗin, kada su zama mutum ɗaya. Idan ku uku ne kacal, a raba ko da biyu daga ciki, kuma mai kasuwanci ya riƙa duba bayanan banki da idonsa kowane wata. Wannan ba zargi ba ne, ma'aikacin kirki ma yana samun kariya da shi ranar da lissafi ya ƙi daidaita.

Mataki na biyar: yanzu a zaɓi sunaye

Wanda ya kafa. Wannan tarihi ne, ba ya ba da iko, ba ya ba da kaso. Steve Jobs ya kafa Apple, shi ya ɗauko John Sculley daga Pepsi a 1983, amma a 1985 da suka saɓa daraktoci suka goyi bayan Sculley, aka karɓe aikin da ke hannun Jobs, ya bar kamfanin, bai sake riƙe ragamarsa ba sai 1997. Ka yi amfani da sunan idan gaskiya ne, amma kada ka raba shi kamar tukwici ga wanda ya shigo bayan shekara biyu.

Mai kasuwanci, ko mai kamfani. A ganina wannan ne sunan da aka fi rainawa kuma ya fi amfani. Mai saye da ya ji shi ya san ya iso inda magana ke ƙarewa.

Darakta. A kamfani mai rajista wannan muƙami ne na doka, sunan mai shi yana wurin hukumar rajista, kuma yana da nauyi: kula da amanar kamfani, guje wa fifita son rai a kan maslahar kamfani, tabbatar da an miƙa rahoton shekara da haraji. Darakta na iya shiga matsala da kansa idan ya ci gaba da karɓar kayan mutane bashi alhali ya san kamfanin ba zai iya biya ba. Dokar Birtaniya ta 2006 ta ce duk wanda ke zaune a matsayin darakta darakta ne, ko da wane suna ake kiransa, har ma ta ambaci wanda ke ɓoye a baya yana ba daraktoci umarni suna bi. Don haka masu sa sunan mata ko ƙane ko tsohon aboki don a cika fom, su sani sun ɗora musu kaya, shi kuma wanda aka roƙa ya ba da sunansa ya tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ma'aikacin da ba ya cikin rajista, gara a kira shi shugaban sashe ko manaja, a bar kalmar darakta ga masu ita.

Manajan darakta, ko shugaban kamfani. Shi ne wanda ke tafiyar da harkokin yau da kullum, yana ba daraktoci ko masu kamfani bahasi. Ba dole ne ya zama mai kaso mafi girma ba. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, sun ɗauko Eric Schmidt a 2001 ya shugabanci kamfanin, suna nan da mallakarsu, sai a 2011 Page ya karɓi kujerar. Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe wannan suna. Idan biyu suka riƙe, ma'aikata za su koyi zuwa wurin wanda ya fi saurin cewa to. Shi kuma mai aiki shi kaɗai da ya buga haruffan CEO, wato shugaban kamfani a Turance, a ƙarƙashin sunansa, ba doka ya karya ba, amma wanda ya zo ya tarar shi ne mai shara shi ne mai karɓar kuɗi zai fara tantamar sauran abin da ya faɗa.

Abokin tarayya. Wannan ne mafi haɗari a cikinsu, domin baki ya saba da shi. Dokar 1890 ta ce wanda ya bari aka gabatar da shi a matsayin abokin tarayya, wani ya ba da bashi saboda haka, to bashin na iya hawa kansa ko da ba shi da kaso. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ma'aikacin da ka shekara kana kira abokin tarayya kana ba shi wani abu daga riba zai iya tashi wata rana ya nemi kasonsa. Idan ladan ƙwazo kake ba shi, ka rubuta cewa kamasho ne ko garaɓasar ma'aikaci.

Manaja. A ba wanda ke da mutane ko kuɗi ko kaya a ƙarƙashinsa, a kuma ɗaura masa fage: manajan sito, manajan ciniki, manajan reshe. Sauran ma'aikata a kira su da aikinsu, akawu, mai karɓar kuɗi, mai kula da sito, direba, wakilin talla. Ka bar sarari a sama. Idan ma'aikacinka na farko ya zama shugaban sashen kuɗi alhali rasit kawai yake rubutawa, ranar da kasuwanci ya girma ka buƙaci ƙwararren akanta, ko dai ka sa ƙwararren a ƙarƙashinsa ko ka sauke shi, kuma duka biyun suna ɓata zumunci. Wasu sunaye kuma doka ta killace su ga masu lasisi, kamar likita da lauya, a wasu ƙasashe har da injiniya da mai zanen gini, kada a liƙa wa wanda ba shi da takardar.

Haka nan suna ba ya sauya haƙƙin ma'aikaci. Uber, mai manhajar kiran motar haya, ta daɗe tana kiran direbobinta abokan hulɗa, amma a watan Fabrairun 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta duba wa ke yanka kuɗin tafiya, wa ke shimfiɗa sharuɗɗa, ta ce ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu. Idan kai ke faɗa wa mutum lokacin zuwa da yadda zai yi aiki, kiransa ɗan kwangila ba zai raba ka da nauyinsa ba.

Mataki na shida: albashi daban, riba daban

A ce ku biyu ne, kowa da rabi. Ɗaya yana wurin kullum, ɗayan yana da wani aikin, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Idan riba kawai ake rabawa, mai zaman zai fara jin ana cin guminsa. Idan kuma mai zaman yana ɗiban abin da ya ga dama da sunan ai shi ke wahala, ɗayan zai fara jin ana yi masa sata. Dukansu suna da gaskiya. Gyaran shi ne a yanka wa aikin albashi, gwargwadon abin da za a biya bare idan shi aka ɗauka, a fitar da shi cikin kuɗin gudanarwa, sannan abin da ya rage a raba bisa kaso. A kuma amince nawa za a bari a cikin kasuwanci kafin a raba, da lokacin rabon. Ko kai kaɗai ne, ka yanka wa kanka albashi, ka buɗe wa kasuwancin asusunsa, domin mai cakuɗa aljihunsa da na kamfani yana raunana kariyar da rajista ta ba shi, kuma ba zai taɓa sanin ko yana cin riba ba.

Mataki na bakwai: a shirya wa rabuwa da sauyi

Yarjejeniyar masu kasuwanci ta amsa waɗannan: idan ɗaya yana son sayar da kasonsa, sauran ne ke da haƙƙin fara saye? Ta yaya za a ƙiyasta kuɗin kason, kuma a biya lokaci ɗaya ko kashi-kashi? Idan ɗaya ya rasu, magadansa za su gaji kason, amma ba sa gadon muƙaminsa, to za su zauna a matsayin masu kaso ne ko za a saye su? Idan mai kaso ya daina aiki, albashinsa ya tsaya, kasonsa da ya riga ya tabbata yana nan. A rubuta wannan ƙarara, don mutane da yawa suna zaton sallamar mutum daga aiki tana ƙwace masa mallaka.

Sau ɗaya a shekara a fito da takardun nan uku, ta mallaka, ta iko, da ta ayyuka, a gwada su da abin da ke faruwa a zahiri. Duk sauyin darakta ko na masu kaso a kai shi hukumar rajista cikin wa'adin da doka ta sa. Ƙasashe da dama yanzu suna neman a bayyana ainihin masu juya kamfani, a Birtaniya tun 2016 ana rubuta duk mai sama da kashi 25, bankuna ma suna tambaya.

Ranar da manaja ko darakta ya sauka, a gama komai a ranar. A cire sunansa daga masu sa hannu a banki, a karɓi makullai da hatimi da littafin rasit, a sauya kalmomin sirri na imel da manhajar banki da shafukan kasuwancin a intanet, a tabbatar layin wayar da masu saye ke kira yana kan sunan kasuwancin. Sannan a rubuta wa masu kawo kaya da manyan masu saye cewa daga yau wane ba ya wakiltar kasuwancin, ga sunan wanda ya gaje shi, a ajiye kwafin saƙon, domin duk wanda ba a sanar da shi ba yana iya ci gaba da ba tsohon manajan kaya da sunanka, kuma kai za a kawo wa takardar biya.